Kibod mara kebul: kada lamba ɗaya ta cinye maka riba

A wannan makon filinmu zai leƙa Umbadda, inda 'yan kasuwarmu ke ta sake buɗe shaguna a Suk Libya bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Da yawa sun sayi kwamfuta ta hannu da kibod mara kebul don rubuta bashi da lissafin kaya. Kukan ɗaya ne: ka danna, harafi ya ƙi fitowa, ko ya fito a makare.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu ciniki ya koma Bankak, manhajar Bankin Khartum, kuma kuɗin fam ɗin Sudan sifili ya yi masa yawa. Sifili ɗaya ya ɓace a littafin bashi, miliyan ta koma dubu ɗari. Wa zai biya?

Fara da batir. Zafin Omdurman yana cin batir, kuma mai arha yakan yi yoyo ya ɓata ƙarfen da yake taɓawa. Sa sabon alkalin, ka goge wurin idan ka ga farin gari. Bayan guguwar habub kuma, kifa kibod ɗin ka kaɗe ƙura. Idan maɓalli ɗaya ne kawai ke gardama, ƙura ce, ba sigina ba.

Na biyu, duba inda ka soka risiba, wato ɗan ƙaramin abin nan na USB. Yana aiki ne a zangon 2.4 GHz, wanda Wi-Fi da Bluetooth ma suke ciki. Tun 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, yana fitar da hayaniyar da ke danne wannan zango. Don haka mayar da risibar ramin USB 2.0, nesa da filasha. Idan kwamfutar tana ƙarƙashin tebirin ƙarfe, sayi gajeren kebul na ƙari ka ɗago risibar sama kusa da kibod. Mita 10 da ake rubutawa a kwali lissafin fili ne, ba na shagon da ke cike da buhuna da kanta ba. Na'urar Wi-Fi ma a matsar da ita, ko a koma zangon 5 GHz.

Na uku, barci. Kibod yakan kwanta don tattalin batir, kuma dannawar farko wani lokaci tashinsa kawai take yi, ba ta rubuta komai. Saba da taɓa Shift kafin ka fara shigar da adadi. Idan lambobin gefe sun ƙi, duba Num Lock.

Sai maganar dacewa. Ba kowace risiba ke jin yaren kowane kibod ba. Mai arha an aura masa tasa tun daga masana'anta. Ta ɓata, shi ke nan. Ko a Logitech, risibar Unifying mai tambarin ruwan lemo, wadda ke ɗaukar na'ura har 6, ba ta aiki da kayan da aka yi wa Bolt kaɗai. Mai Bluetooth kuwa, idan sabon samfuri ne, yakan ƙi tsohuwar kwamfuta mai Windows 7. Wanda zai haɗa mai risiba da wayar Android yana bukatar ɗan kan OTG.

Idan kuma ka danna boko Larabci ya fito, kibod lafiyarsa ƙalau. Danna Alt da Shift tare, harshe zai sauya.

Shawarata ga mai saye: gwada a gaban mai shago, da kwamfutarka ko wayarka, ka rubuta 0 zuwa 9 sau uku. Tabbatar risibar tana cikin kwali. Uwargida, a hana yara zare ta, don ƙanƙanta ta sa ɓatanta ba wuya. Kuma ajiye kibod mai kebul a ƙasan kanta. Ba ya neman batir, ba ya barci.

A ƙarshe, kowane adadi ka rubuta, karanta wa abokin cinikinka da baki kafin ka rufe lissafi. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya zaunar da Sudan lafiya.