Tambayar Yohanna Daga Kurkuku

'Yan'uwa, hunturu ya shigo, Kirsimeti ta ƙarato, amma da yawanmu hankali bai kwanta ba. Wani kuɗin makarantar yara ya hana shi barci, wata tana jinyar miji. Har mukan tambayi kanmu a ɓoye: anya Allah yana tare da mu kuwa?

Kada mu ji kunyar wannan tambaya. A Matiyu sura 11, Yohanna Mai Baftisma, wanda ya yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, ya aika almajiransa daga kurkuku su tambaya ko Yesu ne wanda ake jira. Yesu bai tsawata masa ba. Sai ya ce su koma su ba shi labarin makafin da suka samu gani da talakawan da suka ji bishara.

Yohanna bai fita daga kurkukun Hirudus ba, amma amsa ta same shi a ciki. Mu ma mu duba da kyau: maƙwabciyar da ta aiko da tuwo, ɗan'uwan da ya kwana da mu a asibiti. Ma'anar Immanuwel ke nan, Allah tare da mu.

Ubangiji ya buɗe idanunmu. Amin.