Ɗanki Lafiya Lau Yake, Me Ya Sa Za A Gwada Shi?

Idan ɗanki ya bar Ikara, Makarfi ko Kudan zuwa horon soja a Zariya, aka ce za a ɗebi majinar hancinsa alhali ba tari ba zazzaɓi, kada hankalinki ya tashi.

Kurata ɗaki ɗaya suke kwana, tare suke cin abinci, kuma mutum kan yaɗa mura ko korona tun kafin ya ji ciwo. A 2020, a binciken kuratan sojan ruwan Amurka, yawancin waɗanda aka samu da korona ba su da wata alama.

Gwajin iri biyu ne. Na PCR yana gano ƙwayar cutar ko da kaɗan ce, amma da tsada, kuma sai an jira ɗakin gwaje-gwaje. Na gaggawa kuwa minti 15 zuwa 30 ne, sai dai yakan tsallake cutar idan tana farawa, shi ya sa ake maimaita shi bayan kwana biyu. PCR ya fi dacewa da ranar shiga bariki, na gaggawa kuma da lokacin ɓarkewar cuta.

Ki riƙe wannan: sakamakon "babu" na ranar da aka yi gwajin ne kawai. In ya dawo hutu yana tari, ko da takarda a hannunsa, a nisanta shi da jariri, mai ciki da tsofaffin gida, sannan a kai shi asibiti.

Allah Ya tsare mana su. Sai mako mai zuwa.