ZAUREN 'YAN MATA: Kada A Ja Iya Ta Hammata

 Yau dai babu zancen lefe ko na samari, ku yi mini haƙuri, don wasiƙar da ta zo mini daga Faskari ta hana ni sukuni. Wata ƙanwarmu ce 'yar aji biyar ta rubuto, ta ce wata huɗu ke nan hawan jini ya kayar da kakarta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, kuma ita ce mai tashe ta, mai kai ta bayan gida, mai mayar da ita shimfiɗa. Yanzu ita kanta ƙugunta ya riƙe, ko ruku'u ba ta iya yi sai da ƙyar, ita kuma tsohuwar da an taɓa mata kafaɗa sai ihu.

To ai ba ita kaɗai ba ce. Duk wadda ta taɓa leƙa ɗakin mata a babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa ko na Malumfashi ta san cewa gefen kowane gado akwai mai jinya, kuma galibi mu ne, 'yan mata da matan aure. Haka abin yake a gidajenmu na Sabuwa da 'Yankara da Sheme. Ana koya mana tuƙa tuwo da dama kunu tun muna ƙanana, amma wa ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana yadda ake ɗaga mutum?

Ku tsaya mu yi lissafi tukuna. Tsohuwar da kike gani ta rame kamar a hure ta ta faɗi, in an ɗora ta a sikeli sai ki tarar ta kai kilo 50, nauyin buhun siminti ke nan cur. A Amurka, binciken da aka fitar a 2007 ya nuna cewa bai kamata ma'aikaciyar jinya ta ɗauki nauyin da ya wuce kilo 16 na jikin mara lafiya da ƙarfinta ba, wato ko jarkar ruwa mai lita 25 bai kai ba. A Ingila kuwa tun 1992 suka yi doka a kan ɗaukar nauyi a wurin aiki, asibitocinsu suka koma amfani da injin ɗaga mutum. Mu ba mu da injin, gaskiya ne, amma muna da zane, muna da 'yan'uwa, muna da dabara.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɗabi'a tamu ta zura hannu a hammata a finciko mutum sama. Haba jama'a! Wanda ɓarinsa ya shanye, naman da ke riƙe kafaɗarsa ya saki, ƙashin hannun yana reto ne kawai a gurbinsa. Kina ja sai ya goce, ciwon da ya biyo baya kuma yakan ɗauki watanni, har ya hana shi motsa hannun da ake fatan ya warware. Shi ne ihun da kakar ƙanwarmu take yi. Wannan hannun ba na riƙo ba ne, tallafe shi ake yi, in tana zaune a ɗora shi kan matashi. Kuma kada ki yarda ta saƙalo wuyanki da hannu don ta miƙe, in ta sulale wuyanki ne zai ɗauki nauyinta gaba ɗaya.

Ga yadda ake yi. Ki fara yi mata magana, ki ce "Iya, zan tashe ki zaune, ki taimaka mini." Mutum ba buhun masara ba ne, kuma in ta san abin da za a yi rabin aikin ita za ta yi shi. Ki lanƙwasa mata gwiwoyi, ki mirgino ta ta fuskanto ki, hannunki ɗaya a bayan kafaɗa ɗaya a ƙugu. Ki sauko da ƙafafunta daga gadon, ta dogara da hannunta mai lafiya, sai ki ga ta zauna ba tare da kin ɗaga ta ba. Daga nan ki bar ta ta huta minti ɗaya ko biyu, don wanda ya daɗe kwance jiri kan ɗebe shi. In za ta miƙe, ta matso bakin gado, tafin ƙafafunta biyu su taka ƙasa sosai, ba da silifas mai santsi ba, ta sunkuyo gaba. Ke kuma ki tsaya ta ɓangaren da ya shanye, ki ware ƙafafunki, ki tallafi ƙugunta ta baya, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku. Gwiwarki za ki lanƙwasa, bayanki ya tsaya a miƙe, in za ki juya ki juya da ƙafa, kada ki murɗa ƙugu. Kujerar da za ta zauna kuwa a ajiye ta ta ɓangarenta mai ƙarfi tun kafin a fara.

Wadda ba ta iya taimakon kanta sam, wannan aikin mutum biyu ne ko uku, ba na ke kaɗai ba. A shimfiɗa zane mai ƙwari a ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya, kowa ta naɗe gefenta har ya matso jikin, a ja tare. Da shi za a riƙa juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, wanda ke fara fitowa a ƙugu da ɗuwawu da dunduniya. In kin ga wuri ya yi duhu ko ya yi zafi, a ɗauke nauyi daga kansa a nuna wa nas. Sannan don Allah a mayar da tsofaffi kan gado, ɗaga mutum daga tabarma shi ne ya fi komai karya baya.

In kuna tafiya ƙafa ta ƙwace mata fa? Kada ki ce sai kin tare ta, ku biyun za ku zube. Ki rungumo ta jikinki ta sulale a hankali, ki kare kanta. In kuma kin tarar ta riga ta faɗi, duba kafin ki taɓa: ƙafa ɗaya ta gajarce ta karkata waje, ga ciwo a kwankwaso, alamar karaya ce, sai asibiti.

Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu musamman. Kun san halin da 'yan bindiga suka jefa ƙauyukanmu, har a watan Satumba na 2021 aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a ciki. Ba kullum ake samun mota ba, mara lafiya a babur ake kai shi. To a sa wani ya zauna a bayansa ya riƙe shi, a tabbata ƙafar da ba ta ji tana kan matakin, don salansa ta sha ƙona masu shanyewar jiki ba su sani ba. Amma wanda ya faɗo daga babur ko bisa itace yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, wannan ba a zaunar da shi, ba a naɗe shi a cusa a mota. Mutum huɗu ake nema, ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, a mirgina shi ɗungurungum kan ƙyaure ko faffaɗan katako. Ɗaukar gaggawa kan ƙarasa lakar da haɗarin bai gama tsinkawa ba, alhali da an bi a hankali wataƙila a Dala ko Shika a ceto ƙafafun.

Na san abin da za ku ce: "Anti, ina jin kunya in ce wa yayana ya zo ya kama mini." Ni dai ban ga abin kunya ba. Ladan jinyar ai ba a ce na mata kaɗai ba ne. Mai juna biyu da mai ɗanyen jego kuwa, ko surukarta ce a kwance, a nemo mata mataimaki, kara ba ta gyara baya.

Ke kuma ƙanwata ta Faskari, ki roƙi Baba ya kai Iya wurin masu gashin ƙashi su duba kafaɗar, ki tsaya a wurin su nuna miki riƙon da hannunsu, don gani ya fi karatu. Naki ƙugun ma a duba shi, musamman in ciwon ya fara sauka ƙafa ko kina jin ta tana dindiris. Ki gaishe mini da Iya, Allah Ya ba ta lafiya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.