Zinariya tamu, tambari nasu

A watan Oktoba na 2019 an sayar da dinari ƙwaya ɗaya tak a wani gidan gwanjo da ke Landan a kan fam miliyan 3.72. Nauyinsa giram huɗu ne da 'yan kai, ko 'yan kunnen amarya masu kyau sun fi shi nauyi. Da wurin masu awon gwal aka kai shi a narkar, abin da za su biya ba zai kai ko kashi ɗaya cikin dubu goma na wannan kuɗi ba. Ashe rubutun da ke jikinsa aka saya. An buga shi a shekara ta 105 bayan Hijira, zamanin daular Umayyawa, kuma akwai layi guda a jikinsa da ke nuna cewa yana da alaƙa da ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz. Wannan layi ya mayar da ɗan guntun ƙarfe shaidar tarihi. Abin da nake so mu duba a yau shi ne ɓangarenmu na wannan labari: ƙasashen baƙar fata na yammacin Afirka sun daɗe suna ba duniya zinariya, amma sunayen wasu aka buga a kanta. Saboda haka tarihin kuɗinmu ba ya cikin abin da zai kare kansa da kansa, in ba mu tashi mun adana shi da gangan ba, ɓacewa zai yi, kuma ya ma fara.

Sarakunan da suka buga kuɗin zinariya sun san abin da suke yi. A lokacin da babu jarida babu rediyo, tsabar kuɗi ce saƙon da ke shiga hannun kowa, ta ƙetare teku, ta kai inda sojan sarki bai taɓa takawa ba. Daular Aksum ta ƙasar Habasha ta fara buga nata tun ƙarshen ƙarni na uku. A kan na zinariya ana ganin kan sarki da kambinsa, zangarniyar hatsi biyu sun kewaye shi, rubutun kuwa da harshen Girka, domin fataken Bahar Maliya ake so su karanta, ba manoman gida ba. A saman kan sarakunan farko akwai jinjirin wata da faifai, alamar addininsu na gargajiya. Da Sarki Ezana ya karɓi Kiristanci a ƙarni na huɗu, sai gicciye ya maye gurbinsu. Mai nazari zai jera sulallan sarki ɗaya a kan tebur, ya nuna maka da yatsa inda ƙasa guda ta sauya addini. An tsinci irin waɗannan sulalla a Yaman har da Indiya, kuma akwai sarakunan Aksum da dama da ba a san sunansu ta wata hanya ba sai ta kuɗin da suka buga.

Labarin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fi kusa da mu. Shekaru da dama bayan Musulmi sun ci Sham da Masar, da dinarin Rumawa suke ciniki, mai hoton sarkin Rum a gaba da gicciye a kan matakala a baya. Da farko aka gwada cire sandar da ta gitta, gicciyen ya koma sanda tsaye. Daga baya aka buga wani mai siffar halifa a tsaye, hannunsa a kan takobi. Sai a shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 697 Miladiyya, aka watsar da siffa ɗungurungum, aka bar rubutu zalla: kalmar shahada, da ayoyin Alƙur'ani, da shekarar bugu. Wannan tsari ya zama abin koyi na ɗaruruwan shekaru daga Andalus har Kurasan. Duk wanda ya ce dinarin Musulunci ba shi da ado bai duba da kyau ba, domin rubutun kansa aka mayar ado, kuma da shi aka shelanta wa duniya cewa sabuwar daula ba ta bukatar fuskar sarkin Rum kafin a amince da kuɗinta.

To, zinariyar fa daga ina? Ta Magrib da Andalus, kaso mai yawa daga kudancin Sahara ta fito, daga filayen Bambuk da Bure da ke kan iyakokin Senegal, Mali da Gini na yau. Raƙuma suka yi ta ɗaukarta zuwa Sijilmasa. Da Murabiɗai suka kama wannan birni a tsakiyar ƙarni na 11, suka buga dinarin da ya yi suna wajen tsafta har Turawa suka riƙa neman sa ido rufe. Sarki Alfonso na takwas na Kastila, Kirista, ya buga irinsa a Toledo a ƙarni na 12, da haruffan Larabci, sai dai ya sa gicciye da kalmomin addininsa, don ya san fatake sun riga sun saba da wannan kama. Mutumin da ya shiga rami ya wanko ƙurar gwal a bakin kogin Faleme ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan rubuce-rubuce. Hatta Mansa Musa, wanda ya ratsa Alƙahira a 1324 da zinariyar da ta karya farashi, ba mu da dinari mai sunansa. Siffarsa da kowa ya sani, yana zaune riƙe da curin gwal, masu zana taswira na tsibirin Mayorka ne suka zana ta a 1375, ba su taɓa ganin sa ba.

Za a iya cewa wannan alamar ci baya ce, mutanen da ba su iya buga kuɗi ba sai su sayar da ɗanye. Hujjar da aka tono daga ƙasa ta ƙaryata haka. A 1068 malamin Andalus Albakari ya rubuta cewa mutanen Tadmakka, wani birnin fatake da ke arewacin Mali ta yau, suna da dinari na tatacciyar zinariya wanda ake kira mai sanƙo, domin babu tambari a jikinsa. An daɗe ana ɗaukar maganar kamar jita-jitar matafiya, har zuwa 2005 da Sam Nixon da abokan aikinsa suka yi tono a kufan garin, wanda yanzu ake kira Essuk, kusa da Kidal. Suka sami gutsattsarin mazubi na yumɓu masu 'yan ramuka a jere, da ɗigon zinariya a maƙale a jikinsu, na wajen ƙarni na tara zuwa na goma. Binciken da ya biyo baya ya nuna maƙeran garin suna amfani da dakakken gilashi wajen tace gwal daga ƙazanta. Wanda ya iya wannan, buga tambari ba zai gagare shi ba. Ba su buga ba ne domin cinikin Sahara a kan awo yake tafiya. Misƙali ne ma'auni, ma'auni yana cikin jakar kowane falke, kuma amana tana tsakanin mai masauki da baƙonsa, ba ta jiran fada. Tsari ne da ya yi aiki na ƙarnuka. Sai dai yana da illa ɗaya da su ba su gani ba: dinari mai sanƙo da ya isa Sijilmasa narkar da shi ake yi a buga masa sunan wani, shi ke nan labarinsa ya ƙare. Abin da ya tsira ba kuɗin ba ne, fasassun mazubi ne da aka zubar a juji.

Haka abin yake a ƙasar Hausa da Barno da Fombina. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce wuri ya shigo a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18. Daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ake kawo shi, ana ƙirga shi keso-keso, kowane keso wuri 20,000. Da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin riyal ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. A wannan shekarar ya biyo ta Uba da Mubi zuwa Yola, ya ga a nan ƙasar siririn ƙyallen saƙa ne kuɗi, wanda Fulani ke kira leppi, Barebari ke kira gabaga. A kan duwatsun Sukur kuwa, a ƙaramar hukumar Madagali, sandunan ƙarfen da maƙera suka narko daga tama ne ke shiga ciniki da sadaki. Ba a rasa zinariya ba, domin kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina, da aka tona a 1992, sun fito da kayan ado na gwal. Amma ado aka yi da ita. Kuɗin yau da kullum auduga ce da ƙarfe da ƙwanson teku, na farko gara na ci, na biyu tsatsa na ci, na uku ba ya faɗin sunan kowa.

Mubi na cikin garuruwan da suka fi kowa ganin sauyin kuɗi a ƙasar nan. Cikin abin da bai kai shekara ɗari ba, kasuwarta ta karɓi leppi, da riyal mai hoton Mariya Tariza ta Ostiriya wanda kullum 1780 ake bugawa a jikinsa ko da yaushe aka ƙera shi, da kuɗin Jamus lokacin da garin ke ƙarƙashin Kamaru, da anini da kwabo masu huji na Ingilishi, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, sannan fam na Nijeriya, sannan naira daga 1973. Har yau 'yan canji na zaune da sefa a hannu ɗaya, naira a ɗaya, suna jiran masu shanu daga Kamaru da Chadi. Kowane ɗaya cikin waɗannan kuɗaɗe yana nuna wa ke da iko da garin a lokacinsa, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta haɗa shi da Nijeriya, da bayanta. Duk da haka, ina ɗalibin tarihi a Mubi zai je ya gan su a jere? Riyalolin da suka rage a hannun tsofaffin mata, waɗanda a da ake jerawa a kitso da wuya, maƙeran fari suna narkar da su zuwa zobe da awarwaro. Ba na ganin laifin mai sayarwa ko maƙeri, domin ba a taɓa gaya musu cewa abin ya fi nauyinsa daraja ba.

Wani zai ce wannan sha'awar masu kuɗi ce, mutanen da ke fama da tsadar masara ina ruwansu da tsohon anini? Gaskiya ne cewa kusan fam miliyan huɗu a kan dinari ɗaya wasan attajirai ne, kuma ba shi nake kira a yi ba. Abin da nake magana a kai ba ya cin kuɗi: ɗaki ɗaya, akwatunan gilashi, da malami ɗaya da zai rubuta daga wane gida aka samo kowane abu, wa ya riƙe shi, me aka saya da shi. Wannan bayani shi ne tambarin da kuɗinmu ba su da shi, kuma yana cikin kawunan tsofaffi da ke ƙarewa. Yankin da Boko Haram ta mamaye a 2014, ta shiga Mubi a ƙarshen Oktoba, ta kuma kai ɓarna har Sukur duk da UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 1999, ba ya bukatar a koya masa yadda abin gado ke salwanta cikin dare ɗaya. Wani kuma zai ɗaga batun hoto da addini. Amsarsa tana cikin tarihin da muka ambata: Musulmin farko sun yi ciniki da kuɗi masu hoton sarakunan Rum da Farisa, kuma malamai irin su Almaƙrizi na Masar sun rubuta littafi sukutum a kan tarihin kuɗi. Ajiye sule don sanin zamaninsa ba girmama wanda ke jikinsa ba ne. Mu da muka sha muhawara a kan cire Ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da kuma daga naira ɗari ta 2014, mun riga mun nuna cewa abin da aka rubuta a jikin kuɗi yana taɓa mu.

Babban Bankin Nijeriya yana da gidan adana tsofaffin kuɗi, amma a Abuja yake, kuma labarin ƙasa baki ɗaya yake bayarwa. Labarin leppi da ƙarfen Sukur da kuɗin Jamus na nan ne, a nan kuma ya kamata a tara shi. Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi tana da malamai da ɗalibai masu neman abin rubuta kundin kammala karatu, masarautar Mubi kuma tana da hakimai da dagatai da suka san gidajen da ke da tsofaffin kaya. In aka haɗa su da ma'aikatan gidan tarihi na ƙasa da ke Yola, waɗanda dokar 1979 ta ɗora wa hukumarsu kula da kayan tarihi da hana fitar da su waje ba izini, aikin zai iya farawa daga zuwa wurin maƙeran fari na kasuwa, a roƙe su duk tsohon riyal da ya shigo hannunsu su ajiye shi gefe, a saya a kan farashin azurfarsa kafin ya shiga wuta.