Ɗigawa Ko Tanki, Duk Kanwar Ja Ce

Yau na ɗan jingine labarin da muke bi, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Ranar sallah na je Kusada gaida yayata, sai na iske ɗanta a zaure ya kwance wani ɗan ƙarfe yana goge shi da tsohon buroshin haƙori kamar mai wanke zinare. Na ce mene ne wannan? Ya ce, "Kawu, sigarin lantarki ne, nawa na ɗigawa ne, ba irin na 'yan Kankiya mai tanki ba. Muddin ana wanke kwayil ba ya illa."

To bari mu warware. Wani ɗan ƙasar Sin mai harhaɗa magunguna, Hon Lik, shi ya ƙera wannan abu a 2003. Aikinsa kamar risho ne: batir ya zafafa naɗaɗɗiyar waya, wayar ta dafa ruwan da ke jikin lagwanin auduga, a zuƙi tururin. Ruwan kuwa gilisarin ne da nikotin da kayan ƙamshi. Mai tanki, ruwa na tsattsafowa lagwani da kansa. Mai ɗigawa kuwa da hannunsa yake ɗiga ruwan a kan wayar, ya ja kaɗan, ya sake ɗigawa, wai don tururi ya yi kauri.

A nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa hura risho ya san abin da ke faruwa in kananzir ya ƙare: lagwani ke ci. Mai ɗigawa ba shi da ma'auni sai harshensa, sai ya ji ƙauri zai gane auduga ta bushe, alhali ya riga ya zuƙa. Zafin nan ne ke fitar da fomaldehaid, sinadarin da ake adana gawa da shi. Ku tambayi ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta Kankiya.

Ban ce wanki banza ba ne. Zaƙin kayan ƙamshi na ƙonewa ya daskare baƙi ƙirin a jikin waya, kuma gara a wanke a sauya auduga da a zuƙi ƙonannen datti. Na kuma yarda cewa dattijon da ya shekara 30 yana busa taba, in ya koma wannan don ya daina, ya rage wa kansa cuta. Amma yaron nan bai taɓa kunna kara ɗaya ba! Shi wace taba yake gudu? Buroshi na cire datti, ba ya cire nikotin, kuma nikotin ne ke kama ƙwaƙwalwar matashi ya hana ta sakat.

A 2017 masu bincike na Jami'ar Yale a Amurka sun gano cewa cikin 'yan sakandaren da suka tambaya masu amfani da abin, ɗaya cikin 4 ya taɓa gwada ɗigawa. Ga shi ya iso zaurenmu.

Na ce masa, "Ɗana, ka wanke kwayil tas, to huhun fa, da wane buroshi?" Ya yi shiru. Iyaye, a riƙa leƙa aljihun yara. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.