Amurka da Saddam: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk lokacin da wata babbar ƙasa ta ce za ta tura sojojinta ƙetare domin ceto al'ummar da ake zalunta, tambayar da ta kamata mai hankali ya fara yi ita ce: me za ta samu? A ganinmu, babu inda amsar wannan tambaya ta fito fili kamar a tarihin hulɗar Amurka da tsohon shugaban Iraƙi, Saddam Husaini.

A lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, wanda aka gwabza daga 1980 zuwa 1988, Amurka ta rungumi Saddam ne saboda tsoron juyin juya halin Iran na 1979. A 1982 ta cire Iraƙi daga jerin ƙasashen da take zargi da tallafa wa ta'addanci. A watan Disamba na 1983 Shugaba Reagan ya aika Donald Rumsfeld zuwa Bagadaza, inda ya yi musafaha da Saddam, kuma a 1984 ƙasashen biyu suka maido da hulɗar jakadanci. Ko da sojojin Iraƙi suka hallaka Kurdawa kimanin 5,000 da iska mai guba a garin Halabja a watan Maris na 1988, wannan zumunci bai yanke ba.

Abin da ya yanke shi shi ne mamaye Kuwait a watan Agusta na 1990. Nan da nan Amurka ta jibge sojoji sama da 500,000 a yankin Gulf, domin a wannan karon rijiyoyin man fetur ne ke cikin haɗari. Shekaru huɗu bayan haka, a 1994, aka yi wa mutane kimanin 800,000 kisan gilla a Ruwanda cikin kwana 100. Gwamnatin Clinton ta riƙa kauce wa kiran abin da sunansa na kisan ƙare dangi, don kada nauyin kai ɗauki ya hau kanta. Ruwanda dai ba ta da mai.

A 2003 Rumsfeld ɗin nan, yana sakataren tsaro, ya kasance cikin jagororin mamaye Iraƙi, bisa hujjar cewa Saddam ya mallaki makaman ƙare dangi. An bincike ƙasar ciki da bai, ba a same su ba. Da Bagadaza ta faɗi a watan Afrilu, sojojin Amurka sun tsare ma'aikatar man fetur, alhali ɓarayi na wasashe gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Saddam azzalumi ne tun a 1983, kuma Washington ta san haka sarai. Buƙatarta ce ta sauya, sai sunansa ya sauya tare da ita.

Sai dai muna jan hankalin masu karatu cewa wannan ɗabi'a ba Amurka kaɗai ke da ita ba. Tankokin Tarayyar Sobiyet sun murƙushe mutanen Hangari a 1956, sun shiga Afganistan a 1979, kuma Rasha ta afka wa Yukren a 2022, ko da yaushe da hujja mai daɗin ji. Shi ya sa muka damu da ganin wasu matasanmu na ɗaga tutar Rasha a titunan Kano lokacin zanga-zangar watan Agusta na 2024, a shekarar da maƙwabciyarmu Nijar ta sallami sojojin Amurka ta kuma karɓi na Rasha. Wanda ya guji gara ya faɗa gidan zago bai tsira ba.

Ba muna cewa a yanke hulɗa da manyan ƙasashe ba ne. Muna kira ga shugabanninmu da su zauna da kowace daga cikinsu kamar yadda ɗan kasuwa ke zama da abokin ciniki, ido buɗe, an san abin da za a bayar da abin da za a karɓa. Duk wata yarjejeniyar tsaro da ƙasar waje a kai ta gaban Majalisar Tarayya, jama'a su ji sharuɗɗanta. Su ma 'yan bokonmu su daina raba kansu gida biyu, masoya Washington da masoya Mosko, domin son maso wani ƙoshin wahala ne.