Zancen Yabon Da Ake Saye A Ɓoye Cikin Cinikin Jiragen Ruwa

 Zancenmu na wannan mako a kan wani irin algus ne da ya bayyana cikin cinikin Turawa, har ya kai hukumomin Amurka da Ingila suka kafa masa doka. Mun saba da algus na mudu da na sikeli. Wannan kuwa na baki ne, watau a toshi mutum a ɓoye, shi kuma ya fito yana yabon haja kamar ba abin da ya haɗa shi da mai ita.

Ku sani a Turai da Amurka akwai manyan jiragen ruwa waɗanda ba su da aiki sai yawo da mutane bisa teku don shan iska. Mutum ya biya kuɗi, a ba shi ɗaki, a ciyar da shi, a zaga da shi tsibirai da garuruwan gaɓa na 'yan kwanaki, sa'an nan a komo da shi inda aka ɗauke shi. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a ta ƙidaya mutum miliyan 31.7 da suka yi irin wannan tafiya cikin shekarar 2023. Jirgi guda mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga birnin Mayami a watan Janairu na 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata, watau ya fi wani ƙauyen yawan jama'a.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mai sayen doki yana duba haƙoransa, ya hau ya sukwane shi kafin ya sallama kuɗi. Mai sayen tikitin jirgi kuwa cinikin biri a sama yake yi. Yana biya tun da sauran watanni, bai ga ɗakin ba, bai ɗanɗani abincin ba, in kuma jirgi ya rabu da gaɓa ba shi da wurin sauka sai an kai tasha. Saboda haka abin dogaronsa shi ne shaidar waɗanda suka riga shi shiga. Kamfanoni sun san haka sarai, sun san bakin fasinja guda ya fi musu talla goma amfani, gama kowa ya san mai talla ba ya kushe kayansa.

A shekarar 2007 kamfanin Royal Caribbean ya zaɓi mutum wajen 50 daga cikin masu yawan rubuta yabonsa a intanet, ya sa musu suna Royal Champions, ya gayyace su tafiyar kyauta cikin sabon jirginsa Liberty of the Seas. Suka ci gaba da ba mutane shawara kan jirgin da ya kamata su shiga, alhali yawancin masu karɓar shawarar ba su san da wannan alheri ba. A 2009 zancen ya fasu, mutane suka yi ta gunaguni. Kamfanin ya kare kansa da cewa bai biya su kuɗi ba, bai gaya musu abin da za su rubuta ba, kuma dama can masoyansa ne.

Mu auna wannan hanzari bisa adalci. Ko an karɓe shi duka, bai warware matsalar ba. Tafiyar da wani zai biya kuɗi masu yawa a kanta, in an ba ka ita kyauta, dukiya aka ba ka. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba sai an ce wa mutum ya yi yabo ba. Kunya kaɗai ta isa ta rufe masa baki ran da ya ga ɗaki da ƙazanta, balle ga kwaɗayin a sake gayyatarsa baɗi. Har wa yau, in aka tsince masu yabo aka ƙarfafa su, aka bar masu kuka ba mai kula su, to, an karkata sikeli ko da ba wanda ya faɗi ƙarya ko ɗaya.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga shari'a. Ya tabbata cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, watau mutum ya ƙara wa haja kuɗi ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani ya saya. Malamanmu na Malikiyya suka ce in an yi haka da sanin mai haja, mai saye yana da zaɓin mayar da kaya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai cikin 1993, ta lissafa yabon haja don a ruɗi mai saye cikin nau'o'in najashi, har da wanda ake yi ta kafofin watsa labarai. Littafin Risala, wanda almajiranmu ke karantawa a zaure, ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma hana karɓar shaidar mutumin da ke jawo wa kansa amfani da shaidar tasa. Ku tuna kuma da labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya komo da wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Annabi ya tsawata, ya nuna cewa da yana zaune gidan iyayensa kyautar ba za ta zo masa ba. Haka tafiyar kyauta take: don bakin mutum aka ba shi ita.

Amma kada a yi kuɗin goro, gama masu yabon nan iri uku ne. Na fari shi ne wanda bai taɓa shiga jirgin ba, aka biya shi ya ƙaga labari. Wannan mai shaidar zur ne. Na biyu ya shiga, ya faɗi abin da ya gani, amma ya ɓoye kyautar da aka yi masa. Wannan ya tauye wa mai sauraro abin da zai auna maganar da shi. Na uku ya shiga kyauta, ya bayyana haka tun farkon zancensa. Wannan ba shi da laifi. Dubi maroƙi: yana wasa attajiri a bainar jama'a, ana ba shi riga kowa na gani, ba wanda ya ruɗu. Dillali ma an san yana da la'ada. Ashe laifin yana ga ɓoyewa.

Hukumomin Turawa ma nan suka tsaya. A watan Disamba na 2009 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta fara aiki da ƙa'idar da ta wajabta wa mai yabon haja ya bayyana kuɗi ko kyautar da ya karɓa. A 2013 babban lauyan jihar Niyok ya kama kamfanoni 19 da laifin ƙaga yabo, suka biya tarar fiye da dala 350,000. A 2018 wata kotu a garin Lecce na Italiya ta ɗaure wani mutum wata 9 don sayar wa masaukai yabon ƙarya. A watan Oktoba na 2024 sabuwar dokar Amurka ta fara aiki, ta haramta saye da sayar da shaidar ƙarya, aka sa tarar da ta kai dala 51,744 kan kowane laifi guda. Ingila ta bi baya a watan Afrilu na 2025, ta haramta yabon ƙarya da yabon da aka ɓoye ladansa, tara kuwa tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya duka.

Duk da haka doka ba ta gama aiki ba. Shaidar zur tana da saukin kamawa bisa ga kyautar da aka ɓoye, domin ita kyauta tsakanin mutum biyu take, ba mai fallasa ta sai ɗayansu. Kuma jirgi na iya zama da rajista a wata ƙasa, kamfani a wata, mai yabo a wata, mai saye a wata, hannun alƙali guda ba ya kai musu duka.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne, ina ruwanmu. A ƙarshen 2024 Saudiyya ta fara nata jirgin shan iska mai suna Aroya daga Jidda, yana yawo cikin Bahar Maliya, cinikin ya matso kusa da Musulmi ke nan. Ban da wannan, mutanenmu masu niyyar Hajji da Umra su ma suna ba da kuɗinsu tun kafin su ga masauki, bisa shaidar wani da suka ji a waya. Manomi ya sayar da shanunsa ya miƙa, in shaidar ta saye ce, wa zai mayar masa?

Saboda haka muna jan kunnen mai saye: in ka ji yabon da ba kushe a cikinsa ko kaɗan, ka tambayi mai yabon ko shi ya biya kuɗin tafiyarsa, ka kuma nemi bakin mutum biyu ko uku da ka san amanarsu. Mai yabo kuma, in an yi maka alheri ka faɗa, wannan ba ya rage maka daraja, sa'an nan ka faɗi aibi kamar yadda ka faɗi kyau. Mai kamfani kuwa ya sani ramin ƙarya ƙurarre ne, abin da aka ɓoye a 2007 bai wuce shekara 2 ba ya fito fili.

Allah ya tsare mu da cin haram, ya sa harsunanmu su zama shaida gare mu ranar gobe. Amin.